Daga Iku ta Suleja: Yarinyar da ta so tsayawa a kan 'yan yatsu

Mai karatu, idan ka taso daga Kaduna ka nufi Abuja, ka wuce Tafa da Sabon Wuse, za ka iso mararrabar Dikko, inda hanya ke ratsewa ta shiga Suleja. Yawancin matafiya ba sa ratsewa. Su dai su ƙarasa gaba su hango Dutsen Zuma, wanda ke jikin takardar Naira 100, su ɗauki hotonsa ta tagar mota su wuce. Ni ma haka na saba yi, sai watan jiya da Yayata, wadda ke aure a unguwar Iku, ta kira ni da sassafe ta ce 'yarta ta ji ciwo a ƙafa, kuma gida ya rabu biyu a kan yadda za a yi da ita.

Na isa da hantsi. Iku unguwa ce ta cikin gari, sunanta ɗaya da kogin da ya ratsa Suleja. Lunguna ne matsattsu, gidajen bulo da na ƙasa a cakuɗe, masu babura na ta kai da komo, ga Hausa da Gwaranci da Turancin buroka duk suna tashi a layi ɗaya. Na tarar da yarinyar, mai shekara 9, kwance a kan tabarma a tsakar gida, idon sawunta na dama ya kumbura ya yi suntum, an shafa masa man zafi yana ƙyalli.

Na ce, “Me ya same ki?”

Ta sunkuyar da kai ta ce, “Anti, rawar nan nake gwadawa, ta cikin waya.”

Ashe a wayar uwarta ta ga bidiyon 'yan rawar bale, matan nan da ke tsayawa cak a kan ƙarshen 'yan yatsun ƙafa suna juyawa kamar katantanwa. Kwana da kwanaki ita da ƙawayenta suna gwadawa a kan simintin tsakar gida. Ranar da abin ya faru ta cusa tsummoki a bakin takalmin makarantarta, ta ɗage ta hau kan yatsu, ta yunƙura za ta juya, ƙafar ta lanƙwashe waje, ta faɗi.

Hajiya, surukar Yaya, ta ce targaɗe ne kawai, a gasa da ruwan zafi a kira mai ɗori ya ja. Yaya kuwa hankalinta bai kwanta ba, domin yarinyar ko taku biyu ba ta iya yi. Muka lallaɓa Hajiya, muka kai ta asibiti aka ɗauki hoton ƙashi. Sai ga 'yar tsagewa a ƙarshen ƙashin da ke gefen idon sawu ta waje, daidai inda ƙashin yara ke tsiro. Likita ya sa mata filasta, ya ce a dawo bayan mako huɗu. Ya kuma ce da an ja ƙafar nan da ƙarfi, da wataƙila wani zance ake yi yanzu.

Na san ba a Iku kaɗai wannan ke faruwa ba. Waya ta shigo da duniya cikin tsakar gida, yaro kuma abin da ya gani shi yake kwaikwaya. Shi ya sa na ga ya dace in bayyana maka abin da bidiyon bai nuna wa yarinyar ba.

Abin da ke cikin takalmin

Rawar bale ta samo asali ne a fadojin Italiya, ta bunƙasa a Faransa da Rasha. Tsayuwa a kan ƙarshen yatsu ta shahara a 1832, lokacin da Marie Taglioni ta yi wasan La Sylphide a birnin Paris, bayan horo mai tsanani da mahaifinta ya yi mata. A 1895 kuma Pierina Legnani ta yi juyi 32 a jere a kan ƙafa ɗaya a wasan Swan Lake a birnin St. Petersburg, har yau kuma da wannan adadi ake gwada gwanaye.

Takalmin da suke sawa na musamman ne. Bakinsa wani ɗan akwati ne mai tauri da ake yi da yadi da takarda da gam, hawa-hawa, yana rungume yatsu ya haɗa su wuri ɗaya. A ƙarƙashinsa akwai wani falle mai ƙarfi da ke tallafe tafin ƙafa. Ana gwada wa kowace mai rawa nata daidai da ƙafarta, kuma ƙwararriya kan iya kashe takalmi guda a wasan dare ɗaya. Duk da haka suna fama da bororo da kanta da faɗuwar farce. To ina ga takalmin makaranta da tsumma?

Ko da takalmin ya samu, akwai maganar shekaru. Ƙafar mutum na da ƙasusuwa 26. A jikin yaro, ƙarshen dogayen ƙasusuwa guringuntsi ne, daga nan ƙashi ke ƙara tsawo, kuma sai a shekarun balaga wurin ke gama daskarewa. Wannan wuri ya fi jijiyoyin da ke kewaye da shi rauni. Shi ya sa faɗuwar da za ta bar babba da targaɗe kan iya barin yaro da tsagewar ƙashi. Idan kuma wurin tsiron ya lalace, ƙashin na iya girma a karkace ko ya gajarce.

Ƙungiyar likitoci da masana harkar rawa ta duniya, IADMS, ta ba da shawarar kada yarinya ta fara hawa kan ƙarshen yatsu kafin shekara 12, kuma sai tana cikin shekara ta huɗu ta horo, tana zuwa darasi aƙalla sau biyu a mako, ƙafarta da ƙugunta da cikinta sun yi ƙarfi. Abin da yarinyarmu ta so yi a kwana goma, masu shi shekara uku suke yi suna shiri kafin a bar su su taɓa.

Yarinyar ta ce mini, “Amma Anti, ai akwai wani yaro ɗan Najeriya da ya yi a cikin ruwan sama.” Gaskiyarta. Anthony Madu ke nan, wanda bidiyonsa ya zagaya duniya a watan Yunin 2020 yana da shekara 11, yana juyi ba takalmi a kan siminti a Legas. Daga baya ya samu gurbin karatu a makarantar bale ta Elmhurst da ke Birmingham a Ingila, kamfanin Disney kuma ya fitar da fim a kansa a 2024. Sai dai ka sake duba bidiyon da kyau. A kan tudun gaban ƙafa yake juyawa, yatsunsa a shimfiɗe a ƙasa, bai hau kan ƙarshensu ba. Kuma a wancan lokacin yana da malami, Daniel Ajala na makarantar Leap of Dance, da ke tsaye a kansa yana gyara masa tsayuwa kullum.

Bakin kogi da gidan maginiya

Washegari da yamma na bar su na fita shan iska. Na gangara bakin kogin Iku, wanda ruwan ƙarshen damina ya cika. A gefen wannan kogi ne Abu Ja, ƙanen Muhammadu Makau, Sarkin Zazzau da jihadi ya fitar daga Zariya, ya kafa gari a 1828 aka kira shi Abuja. Da Gwamnatin Tarayya ta ɗauki sunan ta ba sabon babban birnin ƙasa bayan 1976, sai tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau.

Na zauna a kan wani dutse ina kallon yara maza suna tsallake duwatsu masu santsi, ba takalmi. Ka lura da ƙafar yaron da ya saba da kogi: yana baza yatsu ya kama dutse, ya ɗan durƙusa da gwiwa idan ya dira, ya ware hannuwa, idonsa na kan dutsen da zai taka a gaba. Babu wanda ya koya masa a aji, amma abin da malaman bale ke shekara suna nanata wa ɗalibai ke nan.

Suleja kuma gari ne na tukwane. A nan Baturen Ingila Michael Cardew ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950, a nan kuma Ladi Kwali ta shiga a 1954, mace ta farko a cibiyar. Ita ce ke bayan takardar Naira 20. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Tun kafin ta san injin juya tukunya, ta ƙware a ginin gargajiya na matan Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari. A wannan gini tukunya na zaune wuri ɗaya, maginiya ce ke zagaya ta.

Wata maƙwabciyar Yaya ta kai ni bayan gari gidan wata dattijuwa da har yanzu haka take yi. Ta aza curin yumɓu, ta sunkuya, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje, ta shiga zagayawa da ƙananan taku, tana jan bangon randar yana tashi. Na ƙirga zagaye har na gaji da ƙirge, ni da ke zaune na fara jin jiri.

Na ce, “Mama, ba ki jin juwa?”

Ta yi dariya ta ce, “'Yata, ai ba na kallon gida. Bakin randar nake kallo. Ranar da na fara ina ƙarama na faɗi a kan tukunyar uwata na fasa ta. Ta ce in koma ɗebo ruwa da kwaɓa ƙasa, sai da na shekara biyu kafin ta bar ni na sake zagayawa.”

Yadda juyi ke aiki

Abin da dattijuwar nan ta faɗa yana da bayani a likitance. A can cikin kunne akwai wasu 'yan bututu uku masu lanƙwasa, cike da ruwa. Idan kai ya juya, ruwan na motsawa ya sanar da ƙwaƙwalwa. Idan ka yi ta hajijiya sannan ka tsaya, ruwan bai tsaya tare da kai ba, sai kunne ya ce ana juyawa, ido ya ce an tsaya. Wannan saɓani shi ne jiri.

Masu bale suna rage shi da dabarar ido. Mai rawa na zaɓar wani abu a gabanta daidai tsayin idonta, ta kafe shi da kallo. Jiki ya fara juyawa, kai ya tsaya har sai wuya ya kai iyaka, sannan ta fizgo kan da sauri ya riga jiki dawowa kan abin nan. Kai ne na ƙarshen tafiya, shi ne na farkon dawowa.

Horo kuma na sauya ƙwaƙwalwar kanta. A 2013 masu bincike a Imperial College da ke Landan sun ɗora mata 'yan bale 29 da mata masu tseren kwale-kwale 20 a kan kujera mai juyawa cikin ɗaki mai duhu. Bayan an tsayar da kujerar, jirin 'yan bale ya fi saurin wucewa, hoton ƙwaƙwalwarsu kuma ya nuna bambanci a sashen da ke karɓar saƙon kunne. Shekarun maimaitawa ne suka koya wa jiki hakan.

Sauran ƙa'idojin juyi ba su da yawa. Wanda bai iya tsayawa a ƙafa ɗaya ba tare da tangaɗi ba, bai isa juyi ba tukuna, domin juyi tsayuwa ce da aka ƙara wa zagaye. Nauyin jiki ya sauka tsakanin babban yatsa da mai bi masa, kada idon sawu ya kwanta waje, inda yarinyarmu ta samu matsala ke nan. Kai da kafaɗa da ƙugu su hau layi ɗaya. Ƙarfin tashi daga ɗan durƙuson gwiwa yake fitowa, sauka ma da durƙuson ake yi don gwiwa ta shanye nauyi. Idan an ware hannuwa juyi na raguwa, idan an tattaro su jikin ƙirji yana ƙaruwa. Ka kalli 'yan koroso na Kano da kacau-kacau a ƙafafunsu, za ka ga waɗannan ƙa'idoji a jikinsu, duk da cewa kiɗan daban ne.

Abin da za a iya yi a gida

Da dare na ba yarinyar labarin maginiya. Hajiya na gefe tana ji, sai ta ce, “To ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.” Na ce, “Haka ne Hajiya, amma ɗanyen icce in aka tanƙwara shi ba daidai ba, a haka zai bushe.” Ta yi shiru, can ta ce ita ma kwanakin baya saura ƙiris ta faɗi a bakin banɗaki.

A nan zancen ya shafi kowa a gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 684,000 ke mutuwa duk shekara sakamakon faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi yawa a ciki. Ta kuma shawarci tsofaffi su riƙa motsa jiki mai ƙarfafa daidaituwa aƙalla kwana uku a mako. Atisayen da ke gina ƙafar mai rawa shi ne dai ke tsare kaka daga karayar ƙugu. Ga kaɗan da ba sa buƙatar ko sisi:

Na ɗaya, ka dafa bango, ka ɗaga dunduniya biyu a hankali ka tsaya a kan tudun gaban ƙafa, yatsu a shimfiɗe, sannan ka sauko a hankali. Sau 10. Idan ya yi sauƙi bayan makonni, ka koma ƙafa ɗaya.

Na biyu, ka tsaya a ƙafa ɗaya kusa da bango ko kujera har daƙiƙa 30, idonka a kan abu ɗaya, sannan ka sauya ƙafa. Tsofaffi su fara da daƙiƙa 5 ko 10, wani na tsaye kusa.

Na uku, ka zauna ka shimfiɗa tawul a ƙasa, ka riƙa tattaro shi da yatsun ƙafa. Wannan na ƙarfafa ƙananan tsokokin tafin ƙafa.

Na huɗu, ka ɗaga ƙafa ka rubuta abacada a iska da babban yatsa, don idon sawu ya saba motsi ta kowane ɓangare.

Na biyar, ka ja layi a ƙasa ka bi shi, dunduniyar ƙafa ɗaya na taɓa yatsun ɗayar.

A yi su a kan rairayi ko tabarma da ba ta zamewa, a guji tayil mai ruwa. Mai ciwon suga kada ya yi tafiya ba takalmi, domin zai iya jin rauni bai sani ba. Wanda kuma jiri ke kama shi haka kawai ba tare da ya juya ba, ya fara ganin likita, don yana iya zama hawan jini ko ƙarancin jini ko matsalar kunne.

Idan yarinyarki na son juyi, ki bar ta ta yi a kan tudun gaban ƙafa, rabin zagaye tukuna, sannan cikakke, ta ɓangaren dama da na hagu, tana kafe ido a wuri ɗaya. Hawa kan ƙarshen yatsu kuwa ki hana, ki kuma faɗa mata dalili. Yaron da aka hana ba bayani, bayan ɗaki zai koma ya yi.

Idan ƙafa ta riga ta lanƙwashe

A kwantar da yaron, a ɗaga ƙafar a kan matashi, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20, a maimaita bayan 'yan sa'o'i. A kwana biyun farko a guji gashi da ruwan zafi da murza da man zafi, domin suna ƙara kumburi. A tafi asibiti a ɗauki hoto idan yaro ya kasa yin taku huɗu, ko yana jin zafi idan an danna kan ƙashin idon sawu, ko ƙafar ta karkace, ko yatsu sun yi sanyi sun sauya launi.

Na san mutanenmu sun yarda da masu ɗori, kuma su ne kusa da jama'a. Amma hannu ba ya ganin wurin tsiron ƙashi, hoto ne ke gani. Ɗauri mai tsanani kuma na iya tare jini, abin da ya sha jawo wa yara asarar hannu ko ƙafa a asibitocinmu. Kuɗin hoto ɗaya bai kai kuɗin jinyar shekara ba.

Ranar da zan komo, na fito da jakata na tarar da Hajiya ta dafa bangon kicin tana ɗaga dunduniya, jikarta na zaune da filasta a ƙafa tana ƙirga mata. Sun kai bakwai Hajiya ta ce ta gaji, yarinyar ta ce, “Hajiya saura uku.” Yaya ta rako ni har bakin titi na hau babur zuwa tasha. Jiya ta kira ni ta ce an cire filastar, ƙashin ya haɗe, likita ya ce a fara atisayen a hankali. Ta ce yarinyar ta manna wata 'yar jar takarda a jikin bango daidai tsayin idonta.

Idan hanya ta bi da kai Suleja, mai karatu, ka ratse ka ga kogin Iku da maginan tukwane. Kafin nan kuma, yau da yamma ka leƙa tsakar gidanka ka ga abin da yara ke gwadawa.